Kwalekwale 80, Yaro 60



Yau ba maganar taki na zo da ita ba, ba kuma ta maganin ƙwari ba. Wani littafi ne na karanta, ya bar ni da tambaya, na ce bari in kawo muku ita mu juya tare.

Kun sani, da ruwa ya sauka sai a rufe ajin yaƙi da jahilci, kowa ya kama gonarsa. Ni ma da rana ina gona. Amma da dare babu allo, babu ɗalibai, sai ni da fitila. Wani abokina da muka yi makarantar horon malamai tare, shi ya ara mini littafin. Bangonsa ya yage, mai ya taɓa wasu shafuna. Sunan littafin Robinson Kuruso. Tun muna makaranta nake jin sunan, amma ban taɓa buɗe shi ba sai bana.

Wani Bature ɗan ƙasar Ingila, Daniyel Difo, shi ya rubuta shi yana kusa da shekara 60. An buga shi a 1719, yau fiye da shekara 300 ke nan. Da Ingilishi ya rubuta, ni kuwa ba na jin Ingilishi. Wanda ya zo hannuna na Faransanci ne, don tun 1720 aka fara juya shi zuwa wannan harshe. Yanzu ni kuma ina juya muku da Hausa. Ruwa ne ya fito daga rijiya ya shiga guga, daga guga ya shiga tulu, daga tulu ya shiga moɗa. Dole wani ya zube a hanya. Akwai sunayen igiyoyi da na sassan jirgin ruwa da na tsallake, don ko ƙamus ya faɗa mini ma'anarsu ba na gane su. Ban taɓa ganin teku ba. Babban ruwan da na sani shi ne kogin Isa, a Yamai.

Labarin ƙagagge ne, ba tarihi ba ne. Amma an yi wani ma'aikacin jirgi na gaske, Alekzanda Salkak, wanda ya zauna shi kaɗai a wani tsibiri shekara 4 da wata 4, aka ɗauko shi a 1709. Labarinsa ya bazu a Ingila kafin Difo ya rubuta nasa.

Ga yadda labarin yake. Robinson ɗan masu rufin asiri ne a garin Yok. Ubansa ya ce ya zauna gida, ya ƙi ji, ya tafi biɗa a teku. Ya sha wuya iri-iri. Daga baya, ranar 30 ga Satumba 1659, guguwa ta kafe jirginsu a rairayi. Suka shiga ƙaramin kwalekwale, ruwa ya kifar da shi. Duk abokan tafiyarsa suka halaka, shi kaɗai ruwa ya tofar a wani tsibiri kusa da Amurka ta Kudu. Tsibiri, ga wanda bai sani ba, ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko ta ina, babu hanyar fita da ƙafa. Nan ya zauna shekara 28 da wata 2 da kwana 19.

Ba zan ɓoye muku ba, littafin ya kama ni. Sai in ce shafi ɗaya kawai zan ƙara, ban ankara ba zakara ya yi cara. Abin da ya fi kama ni kuwa ba bindiga ba ce, ba guguwa ba ce. Maganar iri ce.

Cikin kayan da ya kwaso daga jirgin akwai wani ɗan buhu na abincin kaji, ɓeraye sun cinye, sai ƙaiƙayi. Ya kakkaɓe shi a gindin dutse don yana son buhun. Bayan wata ɗaya da saukar ruwa, sai ga zangarniya 10 ko 12 na sha'ir sun fito, ga ƴar shinkafa a gefe. Ya yi kuka. Bai ci ko ƙwaya ɗaya ba, ya ajiye iri. Da ya zo shuka, bai san lokacin ƙasar ba, ya shuka a ƙarshen ruwa, komai ya ƙi fita. Abin da ya cece shi, kashi 2 cikin 3 kawai ya zuba, ya rage kashi 1 a hannu. Da wannan saura ya sake shuka, ya samu. Awaki suka shiga, ya yi shinge. Tsuntsaye suka sauka, ya harbe 3 ya rataye su a gonar. Sai a shekara ta 4 ya yarda ya taɓa hatsinsa.

Wane manomi ne zai ji wannan bai girgiza kai ba? Wanene cikinmu bai taɓa ganin rumbu ya yi ƙasa ba, yara suna kallonsa, ga damin iri a rataye, ya daure bai kwance shi ba? A nan na ce: mutumin nan namu ne.

Sauran aikinsa ma haka. Katako ɗaya tak ya ci masa kwana 42, don ba shi da abin tsaga icce, sai gatari da gizago. Ya yi wata 2 yana fama da yumɓu kafin ya sami tuluna 2 masu muni, aikin da mai ginin tukwanen garinmu za ta yi tana hira. Ya sare ƙaton icce ya fafe kwalekwale, wata 5 yana aiki, da ya gama sai ya ga ba ya iya kai shi bakin ruwa. A nan na yi dariya ni kaɗai, har uwar ɗakina ta farka ta tambaye ni ko lafiya.

Haka na rufe littafin, ina ƙaunar Robinson.

Bayan kwana 2 muna hutawa a gindin aduwa, ni da wani dattijo da gonarsa take maƙwabtaka da tawa. Ɗalibina ne a aji, bara ya fara, har yanzu da yatsa yake bin layi. Na soma ba shi labarin irin nan. Ya ce: "Malam, ka fara mini daga tushe. Me ya kai shi ruwa tun farko?"

Sai na koma baya. Na ce tun kafin tsibiri, ƴan fashin teku sun taɓa kama shi, suka kai shi garin Sale na ƙasar Maroko, ya yi shekara 2 yana bauta. Wata rana ubangidansa ya aike shi kamun kifi, ya gudu da kwalekwalen. Akwai wani yaro tare da shi, sunansa Zuri. Suka bi gaɓar Afirka, ga yunwa, ga ƙishirwa. Da ruwan sha ya ƙare, yaron ya ce shi zai fita nema, don in akwai mugaye a bakin gaɓa su cinye shi, Robinson ya tsira. Can gaba baƙaƙen mutane suka ba su busasshen nama da hatsi da ruwa. Daga ƙarshe wani jirgin ƴan Fotugal ya tsince su. Shugaban jirgin mutum ne mai alheri. Ya sayi kwalekwalen kuɗin azurfa 80. Ya taya yaron 60. Robinson ya ɗan yi jinkiri. Shugaban ya yi alkawarin zai ƴanta yaron bayan shekara 10 in ya shiga addininsu. Aka tambayi yaron ya ce ya yarda, aka gama ciniki.

Dattijon ya ajiye ludayin fura.

"Tsaya, Malam. Nawa ka ce kwalekwalen?"

"80, Baba."

"Yaron fa?"

"60."

"Yaron da ya ce a cinye shi a bar shi?"

"Shi, Baba."

Ya yi shiru. Can ya ce: "To, ci gaba. Amma ni na gama da mutumin nan."

Ƴan'uwa, kunya ta kama ni. Na karanta shafin nan da idona. Na ga 80, na ga 60. Na wuce kamar wanda ya wuce kututture a hanya. Ni da na yi makarantar horon malamai ban tsaya ba, wanda yake bin layi da yatsa shi ya tsaya.

Me ya sa? Na daɗe ina tunani, ga abin da na gano. Littafin nan da bakin Robinson aka rubuta shi. Ba a ce "ya yi" ba, "na yi" aka ce. Kai mai karatu, in ka faɗi "na" sau ɗari a zuciyarka, sai ka wayi gari ka zama shi. Tsoronsa naka, yunwarsa taka, cinikinsa ma naka. A tatsuniya ba haka ba ne. Ana ce maka Gizo ya yi kaza, kana ganin fuskar mai ba da labarin, kana iya katse ta. Takarda ba ta da fuska. Na sa rigar Robinson har na manta cewa da ina wurin, ba shi zan zama ba. Ko dai ina cikin waɗanda suka ba shi ruwa a bakin gaɓa, ko ina cikin kayan da ya fito saye.

Na ce kayan da ya fito saye. Da dare na sake buɗe littafin daga farko, a hankali wannan karon. Jirgin Fotugal ɗin ya kai shi Birazil, ya kafa gonar taba da rake. Can ya tuna da Zuri, ya yi nadamar rabuwa da shi. Amma ba don kewa ba, don ba shi da mai taya shi aiki. Da ya sami kuɗi ya sayi bawa baƙar fata. Tafiyar nan kuma da ta jefa shi tsibiri, tafiya ce zuwa gaɓar Gine, da duwatsun ado da madubai da wuƙaƙe, a musanya su da mutane. Duk yana rubuce a fili. Ni ne na bi ta kai da gudu, ina sauri in isa tsibiri.

Sai maganar Jumma'a, wadda ta fi tsaya mini a rai.

Fiye da shekara 20 Robinson bai yi magana da ɗan Adam ba. Aku ya koya wa kiran sunansa, don dai ya ji murya. Da wani jirgi ya nutse kusa da tsibirin, ya yi ta cewa da ma ko mutum ɗaya ya tsira, ya sami abokin hira. To, ga mutum ya zo. Wani saurayi ne mai kamar shekara 26, daga mutanen asali na wannan yanki, ba daga Afirka ba. Abokan gabarsa masu cin naman mutane sun kawo shi za su yanka, ya gudu, Robinson ya cece shi. Wannan alheri ne babba, ba mai musu. Ya ba shi gurasa da ruwa, ya ba shi wurin kwana.

Amma bai tambaye shi sunansa ba. Ya ce daga yau sunanka Jumma'a, don ranar Jumma'a na cece ka. Kalmar da ya koya masa ta kiran shi Robinson kuwa, ita ce ubangida.

Wani zai ce, ai mu ma muna da Ɗanjumma da Jummai. Gaskiya ne. Amma jariri ake raɗa wa suna, ran kwana 7, a gaban dangi. Mai shekara 26 ya zo da sunansa. Uwa ta kira shi da shi, abokai sun yi masa kirari da shi. Har littafin ya ƙare ba mu ji sunan nan ba. Jumma'a ya koyi Ingilishi, Robinson bai koyi harshen Jumma'a ba. Saurayin kuma ba wawa ba ne. Wata rana yana koyon addini ya yi tambaya a kan Shaiɗan, tambayar ta fi ƙarfin malaminsa, har Robinson ya yi kamar bai ji ba. Mu malamai mun san wannan dabara.

Akwai wani wuri da ya sa ni hawaye. Sun ceci wani ɗaurarren tsoho daga hannun masu cin mutane, ashe uban Jumma'a ne. Ya rungume shi, yana kuka yana dariya, ya ruga da gudu ya kawo masa ruwa, ya zauna yana murza masa ƙafafu inda igiya ta ci. Daga baya aka aiki tsohon ƙetare da saƙo. Kafin ya dawo jirgin Ingila ya zo. A watan Disamba 1686 Robinson ya shiga jirgi, ya tafi da Jumma'a, ba a jira tsohon ba.

To, ga tambayar da na zo da ita. Mutum mai haƙuri, mai aiki, mai tattalin iri, mai ceton rai, amma ya sayar da yaron da ya amince masa, ya mai da baƙonsa bara. Mutumin kirki ne ko mugu?

Dattijon ya riga ya yanke nasa hukunci. Ni na kasa yankewa da sauri haka. Da Robinson mugu ne tsantsa, da na huta. In zage shi, in rufe littafi, in kwanta. Abin da ya hana ni barci shi ne ba mugu ba ne. Yana da zuciya mai tuhumarsa. Da ya ga abin da masu cin mutane suke yi, ya yi niyyar ya yi musu kwanto ya harbe su. Sai ya zauna ya tambayi kansa, wa ya naɗa shi alƙalinsu, alhali ba su taɓa shi ba? Ya fasa. Har ya la'anci kisan da Sifaniyawa suka yi wa mutanen Amurka. Kun ga yana iya tunani.

Shekara 28 yana lissafin laifinsa. Ya sa ƙin jin maganar uba. Ya sa mantuwa da Allah. Sayar da Zuri bai shiga lissafin ba. Da ya tuna tafiyar Gine, abin da ya dame shi shi ne me ya sa ya tafi da kansa, da ya yi haƙuri ai da ya sayi bayin a ƙofar gidansa. Wannan kuwa mutum ne da ya ɗanɗani bauta shekara 2, ya san ɗacinta.

Abokina mai littafin ya ce mini: "Kai ma dai. Zamaninsu ne, kowa haka yake yi." Akwai gaskiya a ciki, don abin da kowa yake yi ba ya kama da laifi a ido. Amma zamanin wa? Zuri ma a zamanin yake. Waɗanda aka ɗaure a cikin jiragen nan ma a zamanin suke, kuma ba su jira shekara 300 ba kafin su san an zalunce su. In mun ce zamani ya yarda, masu saye da masu alƙalami muke nufi. Sauran ba a tambaye su ba.

Kada kuma mu tsaya nuna Bature da yatsa kawai. A ƙasarmu ma an sayar da mutane a kasuwa, masu sayen kuma sukan yi sadaka, sukan karɓi baƙo hannu biyu. Sai a 2003 dokar Nijar ta sa hukuncin ɗauri a kan bautar da mutum. A 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta zauna a Yamai, ta ba wata mace ƴar yankin Ƙonni gaskiya, wadda aka sayar tana da shekara 12. Wannan ba labarin kakanni ba ne.

Shin in daina karanta irin wannan littafi? A'a. Ban mayar da shi ba ma tukuna. Maganar iri tana nan da daɗinta, ba ta lalace ba. Kuma littafin da kansa ne ya ba mu 80 da 60, bai ɓoye ba. Da labarin baka ne, da wani mai son Robinson ya daɗe da zubar da su a hanya. Ko a rubuce ma, yawancin gajerun da ake yi wa yara sukan wuce wannan wuri da sauri, su kai ka tsibiri. Amma cikakken yana nan, shafin yana jiran duk wanda ya dawo.

Ku da kuke haɗa baƙi da wasali a hankali, kuna jin kunyar jinkirinku, ku daina. Mai tafiya da ƙafa yana ganin abin da mai mota bai gani ba. In kun iso wurin da zuciyarku ta ƙi, ku ɗora yatsa ku tsaya, ko da Bature ne ya rubuta, ko da malaminku ne. Ku tambaya: wa yake magana a nan, wa kuma aka hana magana?

Ni abin da ya rage mini shi ne tsoron kaina. In mutum mai tunani kamar Robinson yana da wurin da idonsa ba ya gani, ni nawa wurin yana ina? Ba zan iya ganinsa ni kaɗai ba, in ji masu magana ido ba ya ganin kansa. Amma na kama bakin zare ɗaya.

A ajinmu, abin da kowa yake so ya fara koya shi ne rubuta sunansa. Na ga tsofaffi hannunsu yana rawa ranar da suka rubuta shi karo na farko. Ina da sunan kowane ɗalibi a littafin kira. To, akwai wani saurayi da yake kiwon awakin unguwarmu. Shekara 3 ke nan kullum da safe yana tsayawa a ƙofar gidana, in kora masa awakina, da marece ya dawo da su. Ni dai "kai, mai kiwo" nake ce masa. Haka kowa yake ce masa.

Shekaranjiya da ya zo, na gaishe shi, na ce: "Samari, wai yaya sunanka?"

Ya dube ni, ya dubi awakin, ya ƙidaya su da sanda. Sannan ya ce: "Malam, wata ce ta ɓata?"